Inci Huɗu Nawa Ne? Awon Bututun Roba Wajen Gyaran Makewayi a Ƙasar Kabi



Na san akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca a jikin allo suka yi murmushi, suna cewa a ransu, duk faɗin ilmin da ke cikin jami'a a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai bututun makewayi? Ban ga laifinsu ba. Mu Hausawa mun saba da sakaya wannan wuri, shi ya sa muka ba shi sunaye na kunya, mu ce bayan gida, mu ce makewayi, mu ce ban-ɗaki. Kowane suna daga cikinsu yana nuna wurin da ake juya wa baya. Amma fa ruwan da ya bar wannan wuri ba ya ɓacewa don mun kau da kai. Akwai inda zai je, kuma inda zai je ɗin ya rataya ne a kan wasu 'yan milimitoci da yawancinmu ba mu taɓa aunawa ba. A kan waɗannan milimitoci zan yi magana yau.

Bari in fara da abin da ya faru a gidan wani yayana a Gulma, cikin ƙasar Argungu. Bayan ya yi ritaya daga aikin koyarwa sai ya yi niyyar gyara tsohon makewayin gidansa: a cire tsohon masai na tsuguno a sa na zama saboda ciwon gwiwa, a sa shawa da kwanon wanke hannu, a shimfiɗa tayil. Ya sayo bututun roba a Argungu. Mahaɗai kuwa, watau gwiwa da ti da sauransu, ya sayo su ne a Birnin Kebbi ran da ya je bin sawun fanshonsa. A duk wuraren biyu kalma guda ya faɗa, ya ce a ba shi na inci huɗu, aka kuma ba shi na inci huɗu, babu wanda ya cuce shi. Da mai gyaran famfo ya zo haɗawa sai ya tarar bututun yana lilo a cikin gwiwar. Maimakon ya ce a koma a canza, sai ya naɗe bakin bututun da leda, ya lafta gam, ya cusa, aka mayar da ƙasa, aka zuba kankare, aka shimfiɗa tayil mai kyan gani. Kowa ya zo ya yaba. Damina ɗaya aka ci, sai gindin bangon ya fara jiƙewa yana fitar da farin gishiri, tayil ya fara amsawa kamar ganga in an taka, wari kuma ya ƙi barin wurin kome yawan wankewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali da na je shi ne, rijiyar gidan tana nan a tsakar gida, taku kaɗan daga wannan bango.

To, yaya aka yi inci huɗu ya ƙi shiga inci huɗu? Amsar tana cikin tarihi. Robar da ake yin wannan bututu da ita, wadda ake kira PVC, wani masanin harhaɗa sinadarai Bajamushe mai suna Eugen Baumann ya ci karo da ita a 1872, amma ta daɗe ba a san amfanin da za a yi da ita ba. Sai cikin shekarun 1930 aka fara yin bututu da ita a Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta bazu cikin Turai da Amurka. Ke nan ta zo ne ta tarar da duniyar da ta riga ta cika da bututun ƙarfe da na yumɓu, kowace ƙasa da nata awo. Bututun ƙarfe na dā ana kiransa ne da faɗin cikinsa, watau ramin da ruwa ke bi, ba a lissafa kaurin jikinsa. Da aka zo yin na roba, wasu ƙasashe suka riƙe faɗin bayan tsohon bututun ƙarfe don sabo ya iya haɗuwa da tsoho, wasu kuwa suka yi sabon tsari bisa awon mita. Sunan ya tsaya yadda yake, jikin ya sake.

Ga yadda lissafin yake. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka inci huɗu na gaskiya milimita 101.6 ne. Amma in ka ɗauki bututun da ake kira inci huɗu bisa tsarin mita na Turai, ka auna bayansa, za ka sami milimita 110. In kuwa bisa tsarin Amurka aka yi shi, ko bisa tsohon tsarin Ingila na bututun ruwa mai matsi, za ka sami milimita 114.3. Babu ko ɗaya cikinsu da ya yi daidai da sunansa, tsakaninsu kuma akwai ratar milimita huɗu da ɗoriya. Ido ba ya ganin wannan rata in an jingine su a bangon kanti, amma ruwa yana ganinta sarai. Wannan ita ce ratar da aka cike da leda a gidan yayana. A ƙananan bututu lamarin ya fi haka rikicewa. Abin da ake kira inci biyu yana iya zama milimita 50, ko 56, ko 60, ko 63, gwargwadon tsarin da masana'antar ta bi da kuma aikin da aka yi shi dominsa. Abin dariya ma shi ne, bututu mai milimita 50 sunansa inci biyu a cikin bututun zubar da ƙazanta, amma a cikin bututun kawo ruwa mai matsi sunansa inci ɗaya da rabi.

Mu a Nijeriya mun gaji awon inci da ƙafa daga Turawan Ingila. A farkon shekarun 1970 muka yi sauye-sauye a jere: tuƙi ya koma hannun dama a 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, dokar awo da ma'auni ta 1974 kuma ta ɗora ƙasar a kan awon mita. Kuɗi da tuƙi sun sauya dare ɗaya don babu yadda mutum zai yi ya ƙi. Awo kuwa ya sauya a takarda ya bar baki. Har yau birkila da kafinta da mai gyaran famfo da inci suke magana, masana'anta tana bugawa da milimita, kayan kuma suna zuwa kasuwanninmu daga masana'antun gida da na ƙetare, kowa da tsarin da ya bi. Saboda haka abu na farko da nake so kowa ya fita da shi daga wannan ɗaki shi ne, inci huɗu suna ne kawai, kamar yadda ake kiran mutum Dogo alhali ba a auna shi ba. Wanda zai sayi mahaɗi ya yanki guntun bututun da zai haɗa, tsawon yatsa ya isa, ya sa a aljihu ya tafi da shi kanti, ya gwada a gaban mai kaya. Bututu nagari yana ɗauke da rubutu a jikinsa mai nuna faɗinsa da milimita da kaurinsa da sunan wanda ya yi shi. Wanda babu rubutu kome a jikinsa, ni dai ba zan binne shi a ƙarƙashin gidana ba.

Yanzu sai mu zo kan wane faɗi ya dace da wane aiki. Ƙa'idar gini ta Ingila, wadda yawancin masu zanen gininmu suka koya, ta ba kwanon wanke hannu bututu mai milimita 32, wurin wanka da wurin wanke-wanke milimita 40, masai kuwa inci huɗu. Ta kuma ƙayyade tsawo: ƙaramin bututun kwanon hannu kada ya wuce mita 1.7, mai milimita 40 kada ya wuce mita 3, mai 50 kada ya wuce mita 4, sai fa in an ƙara masa faɗi ko an ba shi hanyar shan iska. Wannan ƙa'ida an yi ta ne don gidajen da ake shiga wanka da ƙafa mai tsabta. Mu kuwa yashi muke takawa wuni guda, hunturu yana zuba mana ƙura, a wurin wankan nan ake wanke ƙafa, ake alwala, wani lokaci ake wanki, zaren soso da gashi da guntun leda duk nan suke bi. A ra'ayina, rariyar ƙasa ta wurin wanka a ƙasar nan kada ta gaza inci biyu, in gida ne mai yawan jama'a a kai ta inci uku, a kuma sa mata marfi mai ƙananan huda da ɗan mazaunin da yashi zai kwanta a riƙa kwashewa.

Ɗalibai su lura da wani abu a nan. In an ninka faɗin bututu sau biyu, filin da ruwa ke bi yana ninkuwa sau huɗu ne. Bututun inci huɗu guda ɗaya daidai yake da na inci biyu guda huɗu. Shi ya sa wanda ya rage bututun masai daga huɗu zuwa uku don ya sami sauƙin kuɗi, yana tsammani kashi ɗaya cikin huɗu ya rage, alhali abin da ya zubar ya kusa rabi. Doka ce da ba ta da togiya: bututun ƙazanta ba ya tsukewa a hanyar da ruwa ke tafiya. Ƙarami yana zuba cikin babba, babba ba ya zuba cikin ƙarami. Mahaɗin da masu sana'a ke kira ridusa an yi shi ne don a shigar da ƙaramin reshe cikin babbar hanya. Duk wanda ya juya shi ya sa shi a gaban masai, ya gina wa kansa madatsa a ƙarƙashin ɗaki.

Wani zai ce, to ai sai a sa inci shida a huta. A nan ne nake saɓa wa masu gida da yawa, musamman masu hali. Ƙazanta ba ta tafiya da kanta, ruwa ne ke ɗaukarta, kuma sai ruwan ya yi zurfi da gudu sa'an nan zai iya. Dubi Gulbin Kabi da rani: inda ya yi faɗi ya baje, nan yashi ke kwanciya, jirgin masunta ya dafe; inda ya matse kuwa, ruwa yana share gindinsa da kansa. Haka abin yake a cikin bututu. A gidajenmu da yawa ba tankin masai ke zubo ruwa ba, bokiti ne ko buta, don famfo ba kullum yake kawowa ba. Rabin bokiti in ya shiga bututun inci shida sai ya baje ya zama lema, ya wuce ya bar kayan a baya, rana ta busar da su, na gobe ya zo ya taru a kansu. Gida guda, kome girmansa, inci huɗu ya ishe shi. Inci shida na makaranta ne da asibiti da layin da ya tara gidaje.

Faɗi ba ya aiki sai da gangara. Tsohuwar ƙa'ida ita ce bututun inci huɗu ya sauka ɗaya cikin arba'in, watau santimita biyu da rabi a kowace mita. In daga masai zuwa rami mita 8 ne, to bakin da ke shiga rami ya zamana ya fi bakin da ke ƙarƙashin masai ƙasa da santimita 20. Lissafi ne da yaron firamare zai yi, amma sau nawa muka ga ana yinsa? Abin da aka saba shi ne a haƙa, a kwantar, a duba da ido, a ce ya yi. Ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ido yana ruɗuwa a kanta. Lebur da igiya da fegi biyu su ne maganin abin. Wajen gyara wannan ya fi tsanani, domin tsohon rami yana nan inda yake, bakinsa ba ya motsi. Saboda haka daga bakin rami ake fara awo a hauro zuwa ɗaki, in lissafi ya nuna sai an ɗaga daɓen makewayi da taki guda, a ɗaga. Sa'an nan a kwantar da bututun a kan yashi mai laushi wanda aka daddale, kada a ɗora shi a kan ɓaraguzan bulo, don in ƙasa ta zauna ya yi ciki a tsakiya, wannan cikin zai zama tafki.

Mahaɗai su ma suna da nasu hukunci. Gwiwa mai lanƙwasa ƙwaf ɗaya, wadda ta yi kusurwa kamar ta bango, ta dace da bututun kawo ruwa, inda matsi ke tura ruwan. A bututun ƙazanta da ke kwance, ruwan ba shi da mai tura shi sai nauyinsa, in ya ci karo da bango sai ya tsaya. A nan ana sa gwiwa biyu masu rabin lanƙwasa, ko guda mai doguwar lanƙwasa. Haka nan inda reshe zai shiga babbar hanya, mahaɗi mai siffar gwafa ake so, wanda bakinsa ya karkata ya bi inda ruwa ya nufa, kamar yadda Gulbin Sakkwato da na Rima suke haɗuwa su tafi tare. Ti mai miƙaƙƙen baki yana watsa ruwa gaba da baya. Kuma duk inda hanya ta juya a wajen ɗaki, a gina ɗan ramin dubawa mai marfi, wanda magina ke kira cemba. Ran da bututu ya toshe, wanda ke da cemba sanda zai nema, wanda ba shi da ita kuwa sai guduma.

Akwai kuma wani ɗan lanƙwasasshen bututu da ke ƙarƙashin kwanon hannu da cikin masai, wanda kullum yake riƙe da ruwa. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a London a 1775. Ruwan da ya kwanta a lanƙwasar shi ne ƙofar da ke hana iskar rami da kyankyasai dawowa ɗaki, kuma zurfinsa bai wuce milimita 50 zuwa 75 ba. Ina kiransa tarkon wari. Abu biyu ke kashe shi a wurinmu. Na farko zafi: a watan Afrilu, makewayin baƙi da aka kulle mako biyu ko uku, ruwan tarkon yana ƙafewa, sai a buɗe a ce rami ya cika alhali kofi biyu na ruwa ne maganinsa. Na biyu zuƙa: in ruwa mai yawa ya cika ƙaramin bututu ya gangara da gudu, yana jan iska a bayansa, ya tsotse ruwan tarkon ya tafi da shi. Wannan ƙugin da kuke ji bayan an zubar da ruwa, shi ne. Maganinsa bututun shan iska wanda ya haura saman rufi, a ɗaure bakinsa da ragar sauro. Na sha ganin masu gyara sun yanke shi wai yana ɓata fuskar gida.

Bari in koma kan gam da wuta, domin a nan ne aka fi yin ɓarna. Abin da muke kira gam ɗin bututu ba ya aiki irin na gam ɗin takalmi. Sinadari ne da ke narkar da fatar robar ta ɓangarorin biyu, in an matse su sai su zama jiki ɗaya, shi kuma ya bushe ya tafi. Ke nan dole fata ta taɓa fata. Ba ya cike rata, kome yawansa. Kafin a shafa shi ana gwada bututun a bushe: ya kamata ya shiga ya fara cijewa tun bai kai ƙarshe ba. In ya faɗa har gindi yana juyawa, ba abokinsa ba ne. A yanka baki daidai da zarto, a kankare gezar, a goge ƙura, a shafa wa duka biyu, a tura a ɗan murɗa, a riƙe. A rana irin tamu gam yana bushewa kafin ka juya, don haka a yi aikin a inuwa, da hanzari. Sa'an nan ba kowace roba ce ke jin wannan gam ba. Koren bututun ruwan zafi da ake haɗawa da na'urar ɗumamawa, gam ba ya kama shi ko kaɗan.

Wuta kuwa, kowa a nan ya taɓa ganin mai gyaran famfo ya kunna buhun siminti ya gasa bakin bututu har ya yi laushi, ya cusa wani a ciki. Ba zan zage shi ba, sau da yawa rashin kayan aiki a kusa ne ya koya masa, kuma wanda ke Gulma in ya rasa soket guda ɗaya, tafiya ce a gabansa. Amma a san abin da ake saya da wannan sauƙi. Robar tana fara laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba, harshen wuta kuwa ya ninka haka sau da yawa. Inda aka gasa yana miƙewa ya yi siriri, gefe ɗaya ya fi ɗaya, ya ƙone ya yi gautsi, hayaƙinsa kuma yana ɗauke da iskar asid mai cin huhu. Irin wannan haɗi yakan riƙe shekara ɗaya ko biyu sa'an nan ya tsage, lokacin an riga an biya kowa an manta. Rana ma tana yin nata: bututun da aka bari a fili yana toyewa ya yi fari ya zama kamar ƙwai, saboda haka wanda zai bi bango ta waje a shafe shi da farin fenti. Yana kuma miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, dogo mai mita 6 yana iya motsa santimita guda tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara, don haka kada a ɗaure shi tamau ta kai da ƙafa.

Ma'aikatan da ke zaune a tsofaffin gidajen gwamnati na Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda aka gina tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a yanke Kebbi a 1991, suna da wata matsala ta daban. In aka fasa daɓe ana iya tarar da bututun baƙin ƙarfe, ko na gasasshen yumɓu, ko na asbesto. Babu gam ɗin da zai haɗa roba da ɗayan waɗannan, siminti kuma ba ya kama roba, yana bushewa ya saki. Abin da ya dace shi ne mahaɗi na roba mai laushi wanda ake ɗaurewa da zoben ƙarfe ta kowane gefe, ko kuwa a kai sabon bututu har cikin cemba, tsohon ya tashi daga can. Na asbesto kuma kada a yanka shi a bushe, ƙurarsa tana haddasa cutar huhu mai kisa bayan shekaru.

Me ya sa na nace haka a kan Gulma da maƙwabtanta? Saboda ƙasar kwarin Rima ba irin ta tudu ba ce. Fadamar da ke ba mu shinkafa da albasa da kifin da ya sa duniya ta san Argungu, ita ce kuma ke sa ruwan ƙasa ya matso kusa. Da damina rijiya tana cikowa, a shekarun ambaliya irin 2010 da 2020 kuwa ruwa ya shiga garuruwa da gonaki a faɗin kwarin. Yashi ba ya riƙe ƙazanta yadda laka ke yi. Ƙa'idar da masu aikin tsabtar muhalli ke bi ita ce ramin ƙazanta ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, gindinsa kuma ya fi ruwan ƙasa tudu da aƙalla mita ɗaya da rabi. Mutum yana iya kiyaye wannan, ya kai sokawe can bayan gida, amma in haɗi ɗaya yana yoyo a gindin bango, to ya mayar da sokawe ɗinsa tsakar gida bai sani ba. A 1854, a unguwar Soho ta London, likita John Snow ya bi sawun kwalarar da ta kashe mutum fiye da 600 har zuwa famfon rijiya guda. Da aka haƙa sai aka tarar da ramin ƙazantar wani gida wanda bulonsa ya ruɓe, bai kai mita ɗaya daga rijiyar ba. Kwalara ta shigo mana Nijeriya a ƙarshen 1970, kuma a 2021 ta kama mutum fiye da dubu 100 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa, fiye da 3,000 suka rasu.

Iyayenmu sun san duba-gari, wanda in ya shigo unguwa mata kan ruga su rufe randa su share rariya. Duba-gari yana ganin rariyar dā domin a fili take, ta huda katanga ta fita kwata. Rariyar yau tana ƙarƙashin tayil, babu mai ganinta sai rana ɗaya tak, watau ranar da aka haɗa ta kafin a rufe. A nan nake juyowa gare ku ma'aikata, musamman masu sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila bayan gyaran makewayin makaranta ko na ɗakin shan magani. Al'adarmu ita ce a je duba aiki bayan an gama, a ga tayil yana ƙyalli, a murɗa famfo, a sa hannu. A lokacin nan babu sauran abin dubawa. A rubuta cikin takardar kwangila faɗin bututu da kaurinsa da milimita, a rubuta cewa bututu da mahaɗai su zama na tsari guda, a kuma rubuta cewa ba za a mayar da ƙasa ba sai jami'i ya zo ya gani. Gwajin ba ya bukatar na'ura. A toshe bakin da ke shiga cemba, a cika bututun da ruwa, a yi alama, a je a yi sallar azahar a dawo. In ruwa ya sauka, a bi haɗi ɗaya bayan ɗaya da busasshen hannu. Sa'an nan a buɗe, a zuba bokiti guda daga sama tare da ɗan ƙwallon yara, wani ya tsaya a cemba ya ga fitowarsa.

A gidan yayana haka muka yi a karo na biyu, bayan an fasa tayil ɗin da bai shekara biyu ba. Ƙasar da ke ƙarƙashin gwiwar ta yi baƙi har zurfin kamu uku, sai da aka kwashe ta a baro aka kawo sabon yashi. Rijiyar kuwa aka yashe ta, aka zuba mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, mutanen gida suka yi makonni suna sayen ruwan sha a wurin 'yan garuwa. Gwiwar da ta jawo wannan duka ga ta nan na zo da ita, tare da guntun bututun da aka cusa mata, ledar ma tana nan a jiki. Zan miƙa su daga layin gaba, kowa ya zura ya girgiza ya ji, sa'an nan Shugaba ya ba da damar tambayoyi.